Kafin Salmon Ya Iso

Afrilu ne a gaɓar Alaska.
Dusar ƙanƙara ta janye zuwa kan duwatsu,
ta bar mana laka da rassan da iska ta karya.
Na buɗe ɗakunan masauki goma sha ɗaya,
na shanya barguna, na kori warin rufi.
Orrin yana ƙarƙashin jirgi tun asuba,
yana kankare tsatsa, yana zagin inji a hankali,
zagin da ya fi kama da lallashi.

Sai waya.
Tambayar guda ce, muryoyin ne ke sauyawa:
"Runa, yaya kifin bana?"

Me zan ce?
Takardar hukuma na nan a jikin firji,
an ƙirga, an auna, an zana layi mai gangara:
manyan za su yi ƙaranci,
ɗaya ga kowane baƙo, in ya samu.
Na ƙarshen damina, masu ƙyallin azurfa,
an ce wataƙila su zo da yawa.
Wataƙila.
Da wannan kalma zan sayi man jirgi,
da ita zan biya mai dafa abinci.

Tsoho Cyrus ba ya karanta takarda.
Yana zaune a bakin gadar katako
da kofin gahawa da ya huce tun ɗazu.
Ya nuna mini mashigi da haɓa:
ruwan ya yi fari kamar an tsiyaya nono,
ƙananan kifi sun zo zuba ƙwai,
mikiya ta cika bishiyoyi har reshe na lanƙwasa.
Ya ce, "Inda aka shimfiɗa tabarma, baƙo na tafe."
Na ce, "Bara ma haka ka faɗa."
Ya ce, "Bara ma sun zo.
Ba ta ƙofarmu suka bi ba."

Bara.
Kwana tara a jere kirtani bai girgiza ba.
Likitan haƙorin nan na Ohio, Mista Pruitt,
ya biya kuɗin da zai sayi saniya uku,
ya koma gida da hoton karen ruwa
da mura.
Yau shi ne na huɗu da ya kira.

Harshena ya so ya yi masa romon baka,
in ce teku ta cika ta batse.
Amma ramin ƙarya ƙurarre ne,
kuma a watan Yuli ni zan tare shi a bakin gada
idan jirgin sama ya dira a kan ruwa.
Na karanta masa takardar, layi bayan layi.
Na faɗa masa zancen Cyrus da mikiyoyinsa.
Ya yi shiru har na ji agogon ofishinsa.
Sannan ya ce,
"Ɗakin da tagarsa ke kallon tsibiri, yana nan?"

Na rubuta sunansa da fensir.
Duk sunayen bana da fensir na rubuta.

Da yamma Orrin ya tada inji, ya ɗauka.
Muka fita gwaji, mu biyu, bayan tsauni,
sanyi na cizon yatsu ta cikin safar hannu.
Ya sa koto, ya saki kirtani ƙafa sittin.
Kifi na ganinka, mai jar koma,
mu ne dai ba ma ganinsa.

Dab da duhu sandar ta sunkuya.
Ya jawo shi gefen jirgi, yana walƙiya,
bayansa da ɗigo-ɗigo baƙi, idonsa a kanmu.
Muka ɗora ma'auni.
Saura yatsa biyu ya kai.

Orrin ya zare ƙugiya, ya riƙe shi cikin ruwa
har numfashinsa ya dawo.
Ya buga wutsiya sau ɗaya, ya nutse.

A hanyar gida ba wanda ya yi magana.
Tun daga nesa, kafin mu ɗaure jirgi,
na jiyo waya tana ƙara a ɗakin girki.