Abin da ke ƙarƙashin ƙafa

A Kasuwar Katako Arzika ya miƙo mini guntu,
ya ce, bar kallon fuska, juya gefe.
Na juya. Ashe ba itace guda ba ne:
falle a kan falle, bakwai na ƙirga da farce,
an shafe su da gam, an danne da inji
har suka manta kowa da dajin da ya fito.

Na sama shi ne ɗan gata,
kaurinsa bai wuce dala biyu in an ɗora ba.
Shi ake gogewa, shi baƙi ke yabo.
Na ƙasa ba mai tambayar sunansu:
wannan ya kwanta gabas,
na bisansa ya gitta kudu,
in ɗaya ya so yin miƙa
maƙwabcinsa ya riƙe masa ƙugu.

Arzika bai koyi wannan a takarda ba.
Shekarun baya, a Filato, ya shimfiɗa maɗaci zalla,
cikin zafin bazara, katako ya bushe ƙayau.
Da damina ta yi tsakiya, kogi ya cika,
iskar Yamai ta yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo,
daɓen ya sha laima, ya yi doro,
ƙofar falo ta ƙi buɗuwa daga ciki.
Babur ɗinsa ne ya biya.
Har yau a ƙafa yake zuwa aiki.

Gidan Hajiya Bibata, Kwara Kano.
Muka jera mata samfur a kan tabarma.
Ga wani daga ƙasashen sanyi, launin kunun gyaɗa,
sunansa ya ƙi zama a bakina.
Ga wani mai duhu kamar daddawa.
Ga tik mai maiƙo, wanda gara ke yi wa kallon nesa.
Ga maɗaci, ja kamar yamma a bisa gada.
Ta cire takalmi, ta taka su ɗaya-ɗaya,
ta daɗe a kan maɗacin.
Ta ce, akwai irinsa a ƙofar gidanmu a Doso,
ɓawonsa muke jiƙawa in ciki ya murɗa.
Ba ta tambayi kuɗi ba sai daga baya,
daga bayan kuwa mun sha ciniki.

Kwana uku kwalaye suka yi a ɗakin a buɗe.
Arzika ya ce baƙo sai ya shaƙi iskar gida
kafin a nuna masa wurin kwana.
Ran na huɗu muka durƙusa.
Harshen wannan cikin bakin wancan,
ƙwas, guduma ta roba, ƙwas,
gwiwata ta yi kanta, bayana ya ƙage.
A jikin bango muka bar rata, faɗin ɗan yatsa,
don itace ko ya mutu bai daina numfashi ba.

Na tambaye shi, in fuskar ta ƙoje fa?
Ya ce a kankare, ta dawo sabuwa.
Sau biyu. In an yi sa'a, uku.
Bayan nan fa?
Bayan nan mai gida zai gaisa da waɗanda ke ɗauke da shi.

Da magariba na koma Bukoki.
Ɗakina siminti ne, ya tsage daga ƙofa zuwa randa.
Guntun da ya rage na sa a aljihu,
ƴata Zali ta karɓa, ta ƙirga fallen da ƙarfi,
ta tsallake biyar, ta ce shida ne.
Uwarta ta duba, ta juya, ta shinshina,
ta tura shi ƙarƙashin ƙafar gadon nan
da ke girgiɗi tun muna haya a Talaje.

Daren nan gadon bai yi motsi ba.