Hannuwan Aro

Ranar da ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafuna,
saura minti ɗaya a tashi,
Birnin Kebbi duka ta gani.
Har mai rake na bakin ƙofa
ya dakata da fira ya dube ni.

Tun ran nan hannuwana suka zama na aro.

Koci Na'Allah ya ce in je in ga Malama Kulu,
wai ta karanci zuciyar 'yan wasa.
Na tafi da zaton allura,
ko farar ƙwaya bayan tuwo,
ko a dube ni a ce yaro ya taɓu.

Kujera biyu na tarar, da fanka mai tari,
da kalandar bara da ba a sauke ba.
Ta ce abin da na faɗa a nan, nan zai kwana,
ko koci ba zai ji ba sai na yarda.
Sannan ta ce, "Labaran, da ƙwallon ta taso, ina kake?"
Na ce, a raga mana.
Ta ce, "Jikinka ke raga. Kai fa?"

Fanka ta yi tari sau uku kafin in amsa.
Ina can cikin 'yan kallo,
na ari idonsu ina jiran in ga na faɗi.

Ta ce za mu koyi numfashi.
Ni da nake numfashi tun kafin a raɗa mini suna!
Ja, ƙirga huɗu, riƙe, saki a hankali
kamar mai hura kunu wa jariri.
Ta ba ni littafi mai bango ja,
in rubuta abin da nake ce wa kaina
duk sa'ad da na yi kuskure.

Mako uku babu abin da ya sauya.
Na je mata da fushi.
Ta ce, "Ni ban iya kama ƙwallo ba,
ko satar gida sai an yi mini bayani.
Karanto mini shafin jiya."

Na karanta: hannun banza, hannun banza.
Ta ce, "Muryar wa ce wannan?"

Sai ga fadamar Dukku a gabana,
ina ɗan shekara tara,
barci ya sace ni, tsuntsaye sun sauka kan shinkafa,
yayana Garba yana tsaye a kaina.
Ashe shekara goma sha huɗu
ina ɗauke da shi zuwa kowane fili,
ban taɓa saya masa tikiti ba.

Ba ta ce in kore shi ba.
Ta ce in nemi kalma ɗaya tawa
wadda zan faɗa bayan tasa.
Na zaɓi "nan".
In taɓa turken dama, in ja numfashi, in ce nan.

Asabar muka kara da 'yan Jega.
Minti goma sha biyu suka ci ni,
ƙwallo mai kyau, ko wa ke raga sai ta wuce.
Na shiga na ɗauko ta da kaina,
na taɓa turke.
Garba ya yi magana, na ji shi sarai.
Na ce, nan.

Biyu da ɗaya suka doke mu.
A hanyar gida na sayi rake,
na ɓare shi da haƙori,
hannuna bai yi rawa ba.
Talata zan koma wurinta da littafin,
akwai sauran shafuka.