Tagar Rumfar Eleuterio

Kwana uku ruwa na zuba a Calbuco,
Yuli ne, sanyi ya kai ga ɓargo.
Na miƙa hannu zan ja tagar rumfa,
Eleuterio ya ce, "Ismenia, bar ta."
Bai ko ɗago ba,
yana kankare tsatsa a haƙarƙarin jirgin wani masunci.

Gwangwanin fentin shimfiɗa na gabana,
ja kamar jan ƙasa, lita huɗu,
da zanen harshen wuta a gefe.
Shi ake fara shafa wa ƙarfe
kafin shuɗin da mai jirgi ya zaɓa.
In an gama ba mai ganinsa,
shi kuwa ke hana gishirin teku cin abincinmu.

Na ɓalle murfi, wari ya taso,
zaƙi-zaƙi, kamar ayabar da ta wuce nuna.
Tsohon ya ce, "Wanda ya zo hancinki ɗan aike ne.
Sauran ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi.
Yana malala tsakanin takalmanki bai jiƙa su ba,
ya gangara cikin jirgi ya kwanta,
yana jiran mai ba shi aron wuta."

Sai ya ajiye makankari.
Girarsa ta hagu babu gashi, ban taɓa tambaya ba.

"Ƙanena Aladino, a irin wannan wata,
ya rufe ƙofa, ya toshe ƙasanta da buhu.
Murhun kananzir na can ƙuryar rumfa,
taku goma sha biyu, na ƙirga daga baya.
Wa zai ce wuta na tafiya taku goma sha biyu?
Na gan ta, shuɗiya, tana gudu a daɓe
daga murhu zuwa gwangwani
kafin in gama kiran sunansa.
Na watsa ruwa don ruɗewa,
ruwan ya goya ta, ya kai ta bango."

Aladino na nan da rai.
Shi ke yaga tikiti a bakin fito,
da hannun dama da ba ya dunƙulewa.
Na sha karɓar canji a tafinsa ban sani ba.

Tun ranar nake zuba kaɗan a ƙaramin kwano,
in mai da murfi, in danne shi da tafi har ya ce ƙas.
Injin gurza ƙarfe mun zare shi daga soket,
tartsatsi ɗaya ya ishi mai neman dalili.
Baldomero kan kashe sigarinsa a bakin titi,
cikin ɓawon kawa, yana gunaguni.
Bokitin yashi da tukunyar kashe gobara
suna bakin ƙofa, inda mai gudu zai same su.
Tsummokaran da suka sha fenti
sai durom na ƙarfe, a ruwa, a rufe, a waje.

Takunkumin yana matse mini kunci,
safar hannu ta mai da yatsuna na wani.
Ran da kaina ya fara juyi,
buroshi ya zama biyu a idona,
bai yi faɗa ba. Ya nuna ƙofa da haɓa.
Na tsaya cikin ruwan sama ina haɗiyar iska
har tsibirin gabanmu ya koma guda.

Da yamma muka sha mate a ƙarƙashin kwano,
ƙoƙo ɗaya yana zagaya mu uku.
Jirgin ya yi ja tun daga hanci har wutsiya,
yana bushewa a hankali, yana ta numfashi.
Uwata kan ce, "Kullum a jiƙe kike dawowa,
wane irin maigida ne ba ya rufe taga?"
In shanya rigar kusa da murhunta,
in ce mata gobe ma haka zan dawo.