A Gani, Ban da Taɓawa

Ƙarfe biyun dare a Porto
Leonor ta gama shafi na talatin da ɗaya,
zanen gadar da ta ci mata wata huɗu.

Bara Anselmo ya goge sunanta,
ya sauya launi, ya haska a majigi gaban manya,
ya sha tafi da gumin wata.

Wanda maciji ya sara, tsumma ma abin gudu ne.
Ta kulle fayil.
Ta shimfiɗa sunanta dishi-dishi
a bayan kowane shafi.
Kalmar sirri: sunan kyanwar kakarta.

Da safe ya aiko, "Ya ƙi kwafuwa."
Ta kurɓi kofi, ta dubi kogin Douro.
Ko ya ɗauka da waya,
tana ciki.