Wuƙar Haske

A Valparaíso, kan tudu na uku daga teku,
inda gidaje ke hawa kafaɗar juna
kamar masu leƙen faɗa,
nan asibitinmu yake: ɗaki biyu da baranda.
Ni ce mai shirya tire.
Ni ke ɓare bakin zaren gilas, in datse shi daidai,
in miƙa wa Likita Ximena,
in ce kowa ya sa tabarau.

Na'urar ba ta fi rediyon kakata girma ba.
Leza ce, irin ta dayod.
Ba ta ruri, ba ta huci,
sai ƙit, ƙit, in an taka feda,
da ɗigon ja mai nuna hanya.
Hasken da ke yankan kuwa, ido bai ganinsa.
Abin da ya sa nake shakkarsa ke nan.

Ƙarfe tara aka shigo da Ramiro,
ɗan shekara bakwai, linzami ya ɗaure masa harshe.
Sunansa ma ya gagare shi.
"Damido," in ji shi,
'yan aji su kwashe da dariya.
Uwarsa ta riƙe jaka kamar za a ƙwace.
Allurar kashe zafi, ƙirga goma,
na ɗaga harshen da auduga,
Likita ta shafa haske a kan tantanin
kamar mai goge kuskure a takarda.
Ɗan ƙauri ya tashi, na zuƙe shi da bututu.
Jini bai cika bakin cokali ba.
Babu zare, babu ɗinki.
Uwar ta ce, "Yaushe za a fara?"

Sai Eleuterio, masunci,
hannu kamar igiyar jirgi.
A leɓensa na ƙasa jini ya kwanta ya yi tafki,
shuɗi, kamar ɗan inabi.
Shekara ashirin yana cizonsa tare da burodi.
Likita ta danna, ta duba, ta sake dubawa,
don ba kowane tabo ake ƙonawa ba,
wani sai an yanko an kai awo.
Wannan mai sauƙi ne.
Zaren bai ma taɓa shi ba,
ya tsaya nesa kaɗan, kamar mai jin kunya,
shuɗin ya koma fari fat.
Tsohon ya karɓi madubi, ya daɗe.
Ya ce, "Matata ta rasu ba ta ga wannan ba."
Ban san abin cewa ba. Na ba shi man shafawa.

Da yamma Griselda mai sayar da furanni,
iskar teku da rana sun zana mata jajayen jijiyoyi
daga hanci zuwa kumatu, saƙar gizo-gizo.
Tana so a share su yau, bikin 'yarta saura wata.
Likita ta ce a'a.
Ta gwada wuri ɗaya, kamar ƙwayar wake, gefen muƙamuƙi.
"Hasken nan bai san cuta ba," ta ce,
"ja ya sani, da duhu.
Fatar da ta sha rana tana iya shan wuta.
Dawo bayan mako biyu, mu ji ta bakin fatarki."
Griselda ta fita tana ƙunƙuni,
ta bar mana ƙamshin furanni a kujera.

Na kashe na'ura, na zare makulli.
A aljihun tebur tsohuwar wuƙar tiyata na kwance,
ba ta yi ritaya ba,
akwai ranarta, akwai ƙashin da haske bai iyawa.

Wata biyu bayan nan,
bayan malamar furuci ta sha fama,
ina shanya tawul a baranda
na ji wani daga ƙasan matakala
ya cika ƙirji ya saki:
"Rrrramiro!"

Tsuntsayen teku suka watse daga kan rufi.
Likita ba ta ɗago ba,
tana cikin bakin wani.
Amma na ga ta ɗaga ƙafa daga feda
har sai da ya sake faɗa.