Daƙiƙa Huɗu

A ƙarƙashin sashen lissafi, a birnin Padova,
inda ba taga, sai fanka da sanyin siminti,
nan Egidio ya ajiye ta:
akwati uku, kowanne tsayin ƙofa,
ƙananan fitilu suna ta ƙifta ido
kamar baƙuwar da ke jiran a gama gaisuwa
ta faɗi abin da ke tafe da ita.

Shekarar saba'in da tara ce.
Na sauko goye da gogena, babban nan
da ake jingina shi tsakanin gwiwoyi.
Matakala ashirin da biyu,
kowace sai da ƙugunsa ya gaisa da bango.

Ya ce, "Ottavia, tsirkiya ɗaya za ki ja.
Za ta ji ki, za ta ba ki amsa."
Na ce, "Da wane kunnen?"
Ya nuna makirufo
ɗaure jikin kujera da igiyar takalmi.

Na ja.
Shiru.
Har na buɗe baki zan yi masa dariya,
sai lasifika ta saki wani kuka
tsakanin ƙarar ƙyaure
da carar zakaran da muryarsa ba ta nuna ba.
Daƙiƙa huɗu ta makara.
Egidio ya daka tsalle kamar an ce matarsa ta sauka lafiya.

Wata bakwai muna koya mata ladabi.
Yakan kwana yana huda kati,
huji ɗaya ya kauce, aikin mako ya bi ruwa.
Ran da na yi tari, ta ɗauka kiɗa ne,
ta maido mini shi sau tara, kowanne da sabon launi.
Bokitin Clelia mai shara ma ya samu tasa amsar.
Ba ta san kunya ba, ba ta san gajiya ba,
ba ta taɓa cewa na yi kuskure ba,
sai dai ta ɗauki kuskuren ta gina masa ɗaki.
Ni da na shekara ashirin ina bin sandar madugu,
a wurinta na koyi jira.

Daren nuni, a wani tsohon coci da aka kwashe bencinansa,
an jawo muryarta ta wayar tarho
daga can ƙarƙashin ƙasa.
Mutum talatin da ɗaya,
har da mahaifiyar Egidio, jakarta a cinya,
tana kallon lasifika kallon suruka.

Na faɗa, ta amsa.
Na yi ƙasa, ta yi sama.
Muka yi nisa, har na manta wace ce itace, wace ce ƙarfe.
A minti na sha ɗaya na ja doguwar tsirkiya,
na ƙirga huɗu.
Ba ta zo ba.

Na hango Egidio a bayan labule,
hannu biyu a ka, fuska kamar takarda.

Ban tsaya ba.
Na ja, na bar mata gurbinta.
Na sake ja, na bar mata.
A cikin gurbin aka ji ruwan sama a kan rufi,
aka ji wani ya haɗiye yawu,
aka ji itacen gogen yana huce zafi.
Haka har ƙarshe, ni da wadda ba ta nan.

Da aka watse, wani mai gemu da ɗan littafi
ya riƙe hannun Egidio gam,
ya ce, "Yaya ka koya wa inji yin shiru haka?"
Egidio ya dube ni. Na duƙa ina goge izga.

Fis ne ya ƙone, na lira ɗari biyu.

Yanzu jikata tana da wata a aljihu
mai amsawa tun ba ka rufe baki ba.
Ni kuwa yatsuna sun ƙage, gogen yana jingine a kusurwa,
amma ko ƙofa na ƙwanƙwasa,
ko sunan wani na kira a tsakar gida,
sai na tarar ina ƙirgawa a zuci:
ɗaya, biyu, uku,
ina ba ta hanya.