Tagar Kuku

Shekara tara ina yanka albasa a kan teku,
cikin wani ɗan jirgin ruwa fari fat
mai ɗaukar baƙi goma sha shida, ba ƙari,
kowa da ɗakinsa, da tawul mai ƙamshin lemon tsami.
Ni tawa duniyar tana ƙasa:
murhu, wuƙaƙe, da taga ɗaya faɗin faifai
wadda gishiri ya yi wa yana.

Ta nan na fara hango tsibiran.
Duwatsu ne da suka yi aman wuta suka huce,
baƙaƙe ƙirin, duk sun tsattsage,
irin ƙanzon da nake kankarewa a gindin tukunya.
Na ce a raina, nan ƙasa ta kama,
ba a sauke ta da wuri ba.

Akwai damo a can mai shiga teku kiwo,
ya fito ya baje a rana yana atishawar gishiri.
Akwai tsuntsu mai shuɗin ƙafa,
kai ka ce ta karofi ya biyo ya taka baba.
Kunkurunsu kuwa ya kai tukunyar biki,
yana tauna ganye a hankali
kamar wanda ba a bin sa bashi.

Amma ba girmansu ne ya tsaya min a rai ba.
Ba sa gudu.
Ranar da aka bar ni na sauka sayo kifi,
wata 'yar tsuntsuwa ta dira a kan takalmina,
ta dube ni, ta gyara fiffike,
ta ci gaba da zamanta.
Na daskare riƙe da kwando
har kifin ya fara ɗumi.

Da dare baƙi sukan hau sama da kofuna
suna ƙirga abin da suka gani kamar masu lissafin riba.
Abin da mutum ɗaya ke biya a mako
zai sayi fili a Gwargwaje, har a ja katanga.
Ranar sallama wata tsohuwa ta leƙo kicin,
ta ajiye madubin hangen nesanta kusa da gwangwanin barkono,
ta nuna tagata, ta girgiza kai, ta fita.

Yanzu ina Wusasa.
Gwiwa ta soma yi min gardama,
amma ran Asabar in ruwa ya ɗauke
nakan lallaɓa Kufena da jikoki biyu.
Daga sama damina ta mai da gonaki teku,
dawa tana kaɗawa, kore shar har ƙarshen gani,
duwatsu sun ɗago kai nan da can,
kwanon rufin Zariya na walƙiya kamar bayan kifi.

Tabawa ce mai riƙon madubi.
Agwada ta leƙo daga tsaga, ta gan mu, ta shige.
Ƙadangare ya gyaɗa kai sau biyu ya arce.
Ko kurciya ba ta bari mun gama kallonta ba.

"Kaka, don me namu suke gudu?"

Na dubi aljihun Cindo
inda danƙo ya leƙo da bakinsa.
Shi ma ya duba. Ya tura shi ciki da yatsa.

Na ce mu zauna.
Muka zauna, dutse na mai da mana zafin rana,
ba magana, ba ko korar ƙuda,
har kiran la'asar ya hauro daga ƙasa siriri.
Sai ga ta, taku huɗu tsakaninmu,
tana tsinkar ciyawa, hanci na rawa,
ido ɗaya a kanmu.

Tabawa ta sauke madubin, ba ta bukatarsa.
Ta matso kunnena da raɗa:
"Kaka, mu nawa za mu biya?"